Masu dashen ƙoda a lokacin annoba, don Allah a kula

Jama'a barkanmu da warhaka. Duk sanda wata cuta ta ɓarke a Kano hankalin kowa yana kan waɗanda suka kamu ne, amma akwai bayin Allah da ba a cika tunawa da su ba, masu jiran dashen ƙoda da waɗanda aka riga aka yi wa.

Asibitin Malam Aminu Kano tun 2002 yake dashen ƙoda, kuma a nan ƙasar mai rai ne ke bayarwa, yawanci ɗan'uwa, ka ga mutum biyu kenan za a shiga da su tiyata. Annoba na zuwa sai gadaje su cika, masu ba da jini su ja baya, ma'aikatan ma ba su tsira ba, a Janairun 2020 zazzaɓin Lassa ya yi ajalin likitoci biyu a asibitin. Da korona ta zo aka rufe filayen jirgi a Maris, masu shirin zuwa Indiya a yi musu dashe suka zauna, ga kulle a Afrilu, zuwa wankin ƙoda sau biyu ko uku a sati ya zama jidali. In likita ya ɗage aiki don mai bayarwa yana zazzaɓi ba wulaƙanci ba ne fa, cutar tana iya bin ƙodar ta shiga jikin wanda aka danne wa garkuwa da gangan.

Nan ne ma damuwata. Wanda aka yi wa dashe zai sha magani irin su tacrolimus da prednisolone har ƙarshen rayuwa don kar jiki ya ƙi ƙodar, to sai ka ji wani ya ce ai ana annoba bari ya ɗan dakata garkuwarsa ta dawo. Wallahi kar a yi. Ƙodar da ɗan'uwanka ya ba ka za ta iya lalacewa a koma wanki, likita ne kaɗai ke rage maganin. Kuma maganin yana ɓoye zazzaɓi, mutum na cikin ciwo amma jiki ba zafi sosai, don haka ko kasala ce da raguwar fitsari a kira asibiti, ba kyamis ba.

Lokacin amai da gudawa abin ya fi haɗari, ruwan jiki ya ƙare, kuma gudawa tana sa tacrolimus ya taru a jini ya cuci ƙodar. A tafasa ruwan sha.

Rigakafi kuma a tambaya tukuna. Na mashaƙo, wadda ta addabe mu tun ƙarshen 2022, ba matsala, amma na ciwon shawara da na ƙyanda suna ɗauke da ƙwayar cuta mai rai, ba a yi wa mai dashe. 'Yan gida dai su yi nasu, 'yan dubiya a rage cincirindo, magani kuma a ajiye na wata guda ko fiye kafin hanya ta rufe.