Waiwaye: Yadda aka koma rajista guda wajen shiga kwamfutocin ofis

A ɗakin kwamfuta na wata makaranta cikin birnin Katsina, na taɓa ganin takarda manne da bango ɗauke da kalmar sirri ɗaya tilo, wadda malamai da ɗalibai duka ke shiga da ita. Ba sakaci ne ya sa mai kula da ɗakin yin haka ba. Kowace na'ura tana da nata jerin sunaye, don haka idan aka ɗauki sabon malami sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana buɗe masa asusu, idan kuma wani ya bar aiki, ba kasafai ake tunawa a rufe nasa ba.

Matsalar ta daɗe. A farkon shekarun 1960, lokacin da Fernando Corbató da abokan aikinsa a cibiyar MIT ta Amurka suka shigo da kalmar sirri, babbar kwamfuta ɗaya ce jama'a ke rabawa, jeri ɗaya kuwa ya wadatar. Sai da kwamfutoci suka ƙanƙance suka hau tebura, aka kuma haɗa su da waya, sannan abin ya zama ciwon kai. A tsakiyar shekarun 1980 kamfanin Sun Microsystems ya fito da tsarin Yellow Pages, inda uwar garke ɗaya, wato kwamfutar da ke yi wa saura hidima, ke riƙe da sunayen kowa, sauran na'urori su riƙa tambayarta. Daga baya aka sauya masa suna zuwa NIS, saboda a Birtaniya sunan mallakar British Telecom ne. Rauninsa shi ne, kusan duk wanda ke kan layin yana iya janyo jerin ya zauna yana lalubo kalmomin sirrin mutane.

Gyara mafi muhimmanci, a ganina, ya fito ne daga shirin Athena da MIT ta fara a 1983, wanda ya haifar da Kerberos, tsarin tantance mai shiga. A wannan tsari kalmar sirri ba ta bin waya ko kaɗan. Mutum zai tabbatar da kansa sau ɗaya, a ba shi tikiti mai wa'adin wasu awoyi, da shi zai buɗe fayil ko ya aika takarda ga firinta ba tare da an sake tambayarsa ba. A 1993 LDAP ya ɓullo da gudummawar masana daga Jami'ar Mishigan, ya zama hanyar binciken rajistar sunayen masu shiga. Microsoft ta haɗa Kerberos da LDAP cikin tsarinta na Active Directory tare da Windows 2000, kuma tun 2012 manhajar kyauta ta Samba tana iya yin wannan aiki.

Sai dai an gina tsarin ne bisa zaton wuta ba ta ɗaukewa. A nan Katsina, idan uwar garke ta mutu kafin a tayar da janareta, wanda ya saba shiga wata na'ura zai iya shiga, domin Windows tana ajiye shaidarsa, amma sabon ɗalibi sai dai ya jira. Akwai kuma batun agogo, wanda ma'aikata da yawa ba su lura da shi: Kerberos a bisa al'ada ba ya yarda da saɓanin da ya wuce minti 5 tsakanin na'ura da uwar garke. Tsohuwar kwamfuta da ƙaramin batirin cikinta ya mutu takan farka da kwanan wata na shekarun baya, ta ƙi karɓar kalmar sirrin da take daidai, mai ita kuwa ya yi ta rantsuwa cewa bai manta ba.