Hutun kyauta da kwana 14: abin da dokar Turai ta ce kan sayen mako a masaukin shaƙatawa

A bakin tekun tsibirin Tenerife na Sifen, ko a titunan Costa del Sol da ke kudancin Sifen, akwai samari da 'yan mata da tare baƙi ita ce sana'arsu. Za su miƙo maka ɗan kati su ce ka kankare. Kana kankarewa sai murna ta ɓarke, wai ka ci hutun mako guda kyauta, ga tasi nan a gefe za ta kai ka inda za ka karɓa. A Amurka, musamman Orlando da Las Vegas, ta waya ake yi ko a wani teburi a harabar otal: kwana uku a otal kan ɗan kuɗi kaɗan, ko tikitin shiga wurin wasa, amma da sharaɗin ka zo kai da uwargida ku saurari bayani na minti 90. To, banza dai ba ta kai zomo kasuwa. Abin da ake son sayar maka shi ne wanda Turawa ke kira timeshare, wato ka sayi haƙƙin kwana a wani masauki na mako ɗaya ko biyu a kowace shekara.

Kamar watanda ne, sai dai a nan ba sa ake yankawa ba, shekara ake yankawa. Ɗaki ɗaya, mako 52, a ware ɗaya ko biyu don gyare-gyare, sauran a sayar wa mutum hamsin. An fara wannan ciniki a Suwizalan da Faransa a shekarun 1960, kuma a karan kansa ba damfara ba ne. Akwai iyalan da suka saya suna jin daɗinsa. Inda gizo ke saƙar shi ne yadda ake sayarwa, da kuma kuɗin kula da gini da mai mako zai riƙa biya duk shekara, ya je hutun ko bai je ba, kuma kuɗin hawa yake yi ba ya sauka. A Amurka matsakaicin farashin saye ya haura dala 20,000, kuɗin kula kuma ya haura dala 1,000 a shekara.

Minti 90 ɗin nan kan zama awa uku ko huɗu. A ba ku shayi, a zagaya da ku ɗakin da aka gyara musamman don nuni, a tambaye ku nawa kuke kashewa a hutu, a ninka da shekara ashirin a kan farar takarda. In kun ce ya yi tsada sai a kira "manaja" ya rage, amma fa ragin na yau ne kaɗai. In har yanzu kun ƙi, ga wani na uku a bakin ƙofa da ƙaramin tayi na gwaji. Gajiya da kunya ne jarinsu. Mutumin da ya sha shayin wani ya ci abincinsa, yara na kuka, rana ta yi, sa hannu ya fi masa sauƙi a kan ya ce a'a karo na shida.

Wannan ɗakin ne Tarayyar Turai ta yi wa doka. Ta farko ta zo a 1994, ta ba mai saye kwana 10 ya janye. Amma ta shafi yarjejeniyar da ta kai shekara uku ne kawai, kuma a kan gini tsayayye. Nan da nan 'yan kasuwa suka gano ƙofa: suka koma rubuta yarjejeniyar wata 35, suka koma sayar da mako a jirgin ruwa, wasu suka ce su ba mako suke sayarwa ba, katin zama ɗan kulob ne mai ba da rangwame. Saboda haka aka soke ta aka kawo doka mai lamba 2008/122, wadda aka sa wa hannu ranar 14 ga Janairu 2009, aka ɗora wa kowace ƙasa ta zuba ta cikin dokokinta ta fara aiki da ita daga 23 ga Fabrairu 2011. Birtaniya ta yi nata ƙa'idojin a 2010 bisa wannan doka, kuma ficewarta daga Tarayyar bai share su ba.

Sabuwar dokar ta toshe waɗancan ƙofofi. Duk yarjejeniyar da ta wuce shekara guda, wadda ka biya kuɗi don ka riƙa kwana a masauki fiye da zango ɗaya, ta shiga ciki, ko gini ne, ko jirgin ruwa, ko motar kwana. Katin kulob ɗin rangwame ya shiga. Tsarin musayar mako da wani wuri ya shiga. Dillalin da ya ce zai sayar maka da makonka shi ma ya shiga. Kuma dokar ba ta tambayi fasfo ba. Mai saye a wurinta shi ne duk mutumin da ya saya don amfanin kansa ba don kasuwanci ba, don haka ɗan Kano ko ɗan Damagaram da ya je hutu Sifen da bizar baƙo ya sa hannu a can, tana kare shi kamar yadda take kare Bajamushe. Ko da an rubuta cewa dokar wata ƙasa ta waje ce ke mulkin yarjejeniyar, muddin ginin yana cikin ƙasar Tarayyar, kariyar ba ta faɗi ba.

Zuciyar dokar abu biyu ne, kuma tare suke tafiya.

Na farko, kana da kwana 14 ka janye, har da Asabar da Lahadi a lissafin. Ba sai ka ba da dalili ba, ba tara, ba kuɗin takardu, ba kuɗin wani hidima da suka ce sun riga sun yi maka. Ƙidaya na farawa daga ranar da aka ƙulla yarjejeniyar, ko ranar da kwafinta ya shigo hannunka in ita ce ta zo daga baya. Dole mai sayarwa ya faɗa maka wannan haƙƙi ɓaro-ɓaro kafin ka sa hannu, ka sa hannu daban a kan sakin layin da ya yi maganarsa, sannan ya haɗa maka da fom ɗin janyewa. In bai ba ka fom ɗin ba, wa'adin na iya miƙewa har shekara guda da kwana 14. In bayanan da doka ta ce a ba ka a rubuce kafin ciniki ne ya ɓoye, wa'adin na iya kai wata uku da kwana 14. Janyewa kuma a rubuce ake yi, a takarda ko wata hanya da za ta bar shaida. Kiran waya ba ya wadatarwa, balle alƙawarin baki na wanda ya sayar maka. Abin da ake dubawa ranar da ka aika, ba ranar da ya isa ba, saboda haka rasidin gidan waya ya fi komai daraja a nan.

Na biyu, kuma a ganina shi ne ya fi muhimmanci: a cikin waɗannan kwanaki 14 haramun ne a karɓi ko sisi daga hannunka. Ba kafin alƙalami, ba jingina, ba riƙe kuɗi a katinka na banki, ba takardar amincewa da bashi. Ba a ba kamfanin ba, ba a ba wani na gefe da za a ce amintacce ne zai ajiye ba. Masu dokar sun san halin ɗan Adam. Wanda ya riga ya ajiye yuro 2,000 ba ya janyewa cikin sauƙi, zai yi ta lallashin kansa cewa cinikin mai kyau ne. Shi ya sa wannan ƙa'ida ta zama ma'auni mafi sauƙi ga baƙon da bai san komai ba game da dokar ƙasar: in aka turo maka na'urar cirar kuɗi a wannan zama, an riga an taka doka, ko da murmushi aka yi. A Birtaniya laifi ne da ake gurfanar da ɗan kasuwa a kansa. A Sifen mai saye na iya neman a biya shi ninki biyu na abin da aka karɓa.

In ka janye, duk abin da aka rataya wa cinikin ya faɗi tare da shi. Bashin da kamfanin ya haɗa ka da shi don biyan kuɗin, da rajistar musayar mako, duk sun warware ba tare da ka biya komai ba. Kuma ba wanda zai iya sa ka yafe wannan haƙƙi. Ko ka sa hannu a takardar da ta ce ka yafe, takardar banza ce.

Sai batun gayyatar kanta. Dokar ta ce duk wanda zai kira ka taron talla dole ya bayyana a cikin gayyatar cewa taron kasuwanci ne, da irin abin da za a tallata. Ta kuma hana a sayar maka da mako da sunan zuba jari. Wannan layi ɗaya ya kashe rabin daɗin bakin masu talla, domin "ai kadara ce, gobe za ta yi tsada" shi ne babban makaminsu, alhali a kasuwar 'yan hannu na biyu mako kan faɗi ƙasa warwas, har wasu na neman wanda zai karɓa kyauta don su huta da kuɗin shekara. Akwai kuma wata dokar ta 2005 kan miyagun dabarun ciniki, wadda ta fara da jerin abubuwa 31 da aka haramta kai tsaye. A cikinsu akwai kiran abu kyauta alhali sai ka biya, da sa mutum ya ɗauka ya ci wata kyauta da babu ita ko wadda sai ya kashe kuɗi zai karɓa, da ƙaryar cewa tayin na ɗan taƙaitaccen lokaci ne don a hana shi tunani, da sa shi ya ji ba zai iya fita daga wurin ba sai ya sa hannu. Wanda ya taɓa zama a irin wannan ɗaki zai ga kamar a gabansu aka rubuta jerin.

Amma kada a ɗauka hutun rangwamen kansa haramun ne. In sun rubuta sharuɗɗan a fili, cewa sai ka halarci taron, sai ka zo da matarka, sai albashinka ya kai kaza, kuma in ka tsallake taron za a caje ka cikakken kuɗin ɗaki, to wannan yarjejeniya ce, za ta hau kanka. Abin da ka ɗauka shi ne zama. Saye ba ya ciki, kuma lokacin da aka rubuta yana cika kana da ikon miƙewa ka nemi kyautarka.

Akwai inda dokar ba ta kai ba. Ta ce a ba ka yarjejeniya da harshen ƙasar Tarayyar da kake zaune ko wadda kake ɗanta, in dai harshen hukuma ne a Tarayyar. Hausa ba ta ciki, Larabci ma haka. Mazaunin Hambug zai iya cewa a ba shi da Jamusanci, amma baƙo daga Najeriya ko Nijar sai ya dage da kansa a ba shi da Ingilishi ko Faransanci, kada ya sa hannu a kan abin da wani ya fassara masa da baki. Dokar kuma ba ta ƙayyade yawan kuɗin kula ba, ta dai ce a bayyana shi da yadda ake ƙara shi. Bayan kwana 14 kuwa ba ta buɗe maka ƙofar fita daga sayen mako ba. Masu katin kulob ne kawai ta sassauta wa: dole a raba musu biya kashi-kashi daidai wa daida duk shekara, kuma daga biya na biyu suna iya fita cikin kwana 14 da samun takardar neman kuɗi. A Sifen, wata dokar ƙasar ta 1998 ta ƙayyade wa yarjejeniyar sayen mako shekara 50, kuma a 2015 Kotun Ƙoli ta rushe wadda aka rubuta ta har abada, abin da ya jawo ƙararraki masu yawa. Sai dai wannan hanya ce ta lauya da kotu da shekaru.

Waɗanda suka maƙale su ne abincin damfara ta biyu. Waya za ta shigo, wai an samu mai sayen makonka da farashi mai tsoka, ka dai turo kuɗin rajista ko haraji. Dokar Turai ta hana dillali karɓar komai sai an sayar tukuna. A Meziko abin ya yi ƙamari har a 2023 Baitulmalin Amurka ya ƙaƙaba takunkumi kan wasu mutane da kamfanoni a yankin Puerto Vallarta da ya ce suna wannan damfara ne ƙarƙashin gungun masu safarar ƙwaya na Jalisco.

Kwana 14 ɗin nan na Turai ne, ba ya bin ka duk inda ka je. Dubai na da tata dokar ta 2020. Meziko ranakun aiki biyar take bayarwa. A Amurka kowace jiha da nata: Nevada kwana 5, Kalifoniya da Hawaii kwana 7, Florida kwana 10. Kuma a can ana karɓar kafin alƙalami a ranar, ba a hana ba. A Florida kuɗin na zama a asusun amintacce har wa'adin ya wuce, wasiƙar janyewa ana lissafa ta daga ranar da gidan waya ya buga mata hatimi, kamfanin kuma yana da kwana 20 daga karɓarta ya mayar da kuɗin. Wanda ya sa hannu a Las Vegas da ke jihar Nevada ranar Litinin, ya hau jirgi zuwa Abuja yana cewa sai ya huta zai karanta takardun, wa'adinsa ya ƙare da tsakar daren Asabar.