Wane injin walda zan fara saya don gyaran bodin mota da tsatsa?

Wannan tambayar yaran gareji da suka kusa yayewa ne suka fi yin ta, sai kuma masu tsohuwar mota da suke son su riƙa taɓa abinsu da kansu a gida. Na tattaro tambayoyin da aka fi maimaitawa ne, zan amsa yadda na fahimci aikin.

Ina da injin rodi irin na masu ƙofa da taga, ba zai yi ba?

Gaskiya ɗan'uwa ba zai maka yadda kake so ba. Ƙarfen bodin mota siriri ne sosai, yawanci tsakanin milimita 0.7 zuwa 1 ne, shi kuwa rodi geji 12 da aka fi samu a kasuwa kaurinsa milimita 2.5, kaga tun kafin ka fara rodin ya ninka ƙarfen kauri, kana ɗosana shi sai ka ga rami ya buɗe, ka zo cike ramin wani ya sake buɗewa a gefensa. Akwai ogogin da hannunsu ya faɗa da za su iya lallaɓawa da ƙaramin rodi, amma mai koyo wahala kawai zai sha. Ka ajiye shi don ƙarfe mai kauri, bamba ta ƙarfe, kariya, bodin tifa da makamantansu.

To ai da gas da kabayid ogoginmu suke aiki tun da can?

Haka ne, kuma sun ci abinci da shi, har yanzu in ka shiga Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano shi za ka fi gani. Amfaninsa ba ya jiran NEPA, kuma da shi ake gasa ƙarfe a miƙar. Matsalarsa zafin ba ya tsayawa waje ɗaya, sai ya bazu ya kama faɗin tafin hannu ko fiye, ƙarfen ya kumbura ya lotsa, daga nan sai a dawo ana lafta fila mai kauri don a ɓoye, bayan damina ɗaya ko biyu filar ta tsage ruwa ya shiga tsatsa ta dawo. Sannan motocin yanzu akwai wuraren da aka yi su da ƙarfe mai ƙarfi na musamman, kamar ginshiƙin da ke tsakanin ƙofar gaba da ta baya, in ka gasa shi da wuta ka kashe ƙarfinsa, ranar da aka yi hatsari ba zai kare mutanen ciki ba. Wannan ba abin wasa ba ne wallahi.

To wanne kake ganin zan saya?

MIG mai gas. Shi waya ce siririya take fitowa da kanta ta bakin bindigar in ka danna, gas kuma yana rufe wajen kada iska ta ɓata narkakken ƙarfen. Ka sa masa waya mai kauri 0.6, ita ce daidai da bodi, 0.8 ma tana yi amma ta fi son ƙarfe mai ɗan kauri. Gas ɗin da ya fi kyau shi ne haɗin agon da CO2, kashi 75 da 25 ko 80 da 20, yana ba da aiki mai laushi ba tartsatsi da yawa. CO2 zalla ya fi araha kuma ya fi sauƙin samu, yana yi, sai dai ya fi huda ƙarfe kuma ya fi watsa tartsatsi.

Kafin ka biya kuɗin injin ka fara zagayawa ka tabbatar akwai inda za ka riƙa ɗura gas ɗin a garinku, akwai mai sayar da waya 0.6, akwai tif (ɗan bakin da wayar ke fita ta cikinsa) da nozul (murfin bakin da gas ke bi) na irin bindigar. Mutane da yawa nan suke faɗawa, injin yana nan sabo fil a lulluɓe an rasa ɗan tif da za a sa masa. In ka samu mai bindigar da ake kwancewa, irin MB15, ya fi, don kayanta sun fi yawa a kasuwa.

Na ga wani MIG ɗin da aka ce ba ya buƙatar gas, kuma ya fi araha?

Wannan wayarsa ce take da hoda a ciki, hodar ce ke yin aikin gas. Yana da kyau ga aikin waje inda iska ke kaɗawa, lokacin hunturu misali, don iska tana kore gas ɗin MIG. Amma wayarsa daga 0.8 take farawa yawanci, ta fi zafi, kuma tana barin dauɗa a saman waldar wadda sai ka kankare ta tas kafin fenti. In kuɗinka bai kai ba ka sayi injin da yake yin duka biyun, ka fara da mara gas, daga baya ka ƙara tukunya da regileta. Kada dai ka sayi wanda ba shi da wajen sa gas kwata-kwata. Kuma ka tuna in za ka canza daga wannan waya zuwa waccan sai ka juya wayoyin fositif da negetif.

Mai amp 250 ko mai amp 300 zan ɗauka?

Nan ne nake so ka tsaya ka saurare ni da kyau. Mai shago babbar lambar zai nuna maka, amma kai a aikin bodi ƙaramar lambar ce taka, wato ina ne ƙarshen inda injin zai iya sauka. Ƙarfen 0.8 amp 30 zuwa 50 yake so, to in injin ba ya sauka ƙasa da 50 ko 60 kaga ka sayi abin huda mota. Nemi wanda yake sauka zuwa 30 ko ƙasa, sama kuma 140 zuwa 160 ya ishe ka har ka ɗan taɓa ƙarfe mai kauri. Ka duba kuma yana da maɓallin wuta daban na gudun waya daban, masu juyawa a hankali, sun fi mai “sama da ƙasa” kawai. Abin da ake rubutawa duty cycle a jiki, minti nawa ne cikin 10 injin zai yi aiki kafin ya nemi hutu, kada ya dame ka sosai don waldar bodi ɗigo-ɗigo ake yin ta. In da hali ka sa a gwada maka a kan guntun ƙarfen ƙofa a gabanka, ka saurari ko wayar na fitowa santsi ba tana tsayawa tana fizga ba.

Wutar fa?

Ɗauki injin walda mai inbata, mai aiki da wutar gida bolt 220 zuwa 230, ba shi da nauyi kuma ba ya shan wuta kamar tsohon mai taransifoma. In janareta za ka sa, ƙaramin nan na kallon talabijin ba zai ja ba, ka nemi daga 5kVA zuwa sama mai AVR, wato na'urar daidaita wuta, don wutar da take hawa tana sauka ita ke ƙona bod ɗin inbata.

TIG fa?

Shi da tsinken da ba ya narkewa ake narka ƙarfen, kana ɗiga waya da ɗayan hannun. Aikinsa ya fi kowanne tsafta, amma sai agon zalla, hannu biyu, da ƙarfe mai tsafta fes. Bar shi sai nan gaba.

Wajen da ya yi tsatsa zan iya bin kansa da walda?

A'a. Tsatsa ba ta walduwa, sai ka yanke ta duka har ka kai ƙarfe mai sheƙi, ka yanko faci mai kauri ɗaya da shi. Motocin Kwatano da suka fito daga Kanada ko arewacin Amurka ka leƙa ƙarƙashinsu sosai, can gishiri ake zubawa a titi saboda ƙanƙara, shi ke cin daɓen motar da bakin taya da ƙasan ƙofofi, abin da ka gani a sama kaɗan ne a kan na ciki. In ka sa facin kada ka ja layi ɗaya dogo, ɗiga nan, tsallaka can nesa ka ɗiga, bari ya huce har ka iya taɓawa, ka dawo, haka har ɗigon ya haɗu. In rami ya buɗe ka tokara guntun jan ƙarfe ta baya, walda ba ta kama shi. Bayan ka goge da garandi ka shafa firaima ciki da waje. Ka riƙa gwada maganaɗisu ma, don ba ya kama alminiyam, wasu motocin bonet ɗinsu alminiyam ne, Ford F-150 daga 2015 bodinta ma alminiyam ne, wayar ƙarfe ba ta yi a nan.

Me zan haɗa da shi?

Hular walda mai duhu da kanta, safar hannu ta fata, da abin kashe gobara, ka sa su cikin lissafin kuɗin tun farko. Baƙin gilashi na gayu ba ya kare ido, cikin dare za ka farka kamar an zuba maka yashi a ciki. Cire kan batir kafin ka fara, ka maƙala wayar as, wato wayar injin mai maƙali da ake kama jikin mota da ita, kusa da inda kake aiki, ka ɗaga kafet da soson kujera, ka san inda tanki da bututun mai suka bi. Ƙarfen da aka shafe da zin don hana tsatsa, irin na kwanon rufi, hayaƙinsa yana sa zazzaɓi, ka goge shi tukuna kuma ka yi aiki inda iska ke shiga. Sannan ka sayi tsohuwar ƙofa ko bonet wajen 'yan gwangwan ka yanka ka haɗa, ka yanka ka haɗa, sai ka daina huda ta kafin ka karɓi motar kwastoma.