Tallafi ya shigo gida, kada nono ya fita

"Malama, nonon ne ba ya isarsa." Babu maganar da na fi ji a bakin masu shayarwa ranar awo kamar wannan, musamman matan da ke karɓar tallafin abinci ko na kuɗi a ƙauyukanmu na Jigawa. Mace za ta faɗa tana sunkuyar da kai, kamar wadda ta yi laifi. A ganinta, tunda ita kanta ba ta ci ta ƙoshi ba, abin da ke ƙirjinta ruwa ne kawai. Daga nan sai a soma ɗura wa jariri ruwa, sai koko, wani lokacin har madarar gari ta shayi da aka auno a shago.

Gaskiyar maganar ita ce, talauci ba ya lalata nonon uwa kamar yadda ake zato. Jikin mace yana fifita ɗanta a kan kansa. Ko da abincinta bai wadata ba, jiki zai ɗebo daga abin da ya tara ya haɗa nono mai kyau, ita ce za ta rame. Sai yunwa ta yi tsanani ƙwarai kafin nonon ya ragu sosai. Shi ya sa maganin wannan kuka shi ne a ciyar da uwa, ita kuma ta ci gaba da ba ɗanta nono. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Mai shayarwa tana buƙatar ƙarin abinci kusan cin kwano guda a kan wanda ta saba a yini, da ruwan sha duk lokacin da ta ji ƙishi.

To amma ina tallafin yake tafiya? Na shiga gidaje na gani. An ba mai jego garin kunu mai haɗin waken suya da gyaɗa don ita kaɗai, sai a dama shi a babbar tukunya, yaran gida su jeru da kofuna, na kishiya da na maƙwabta, ita ta tashi da ƙasan tukunya. Ba na ganin laifinta, wace uwa ce za ta sha yara na kallonta? A nan maigida ne ke da ta cewa. Idan ya buɗe baki ya ce wannan na mai goyo ne, magana ta ƙare, babu mai taɓawa. A shekarun baya an yi wani shiri a ƙananan hukumomin Buji da Gagarawa da Kiri Kasamma, wanda ƙungiyoyin agaji na Save the Children da Action Against Hunger suka gudanar, ana ba mace naira 3,500 duk wata tun tana da ciki har ɗanta ya cika shekara 2. Masu shirin ba kuɗi kaɗai suka miƙa ba, sun haɗa da wayar da kai kan ciyar da yara. A wurina daidai suka yi, domin kuɗi ko buhu ba ya sauya abin da gida ya yarda da shi.

Abin da gida ya yarda da shi kuwa tun ranar haihuwa yake bayyana. Har yanzu akwai inda ake matse dakashi a zubar, wai ƙazanta ne, a bar jariri kwana biyu ko uku a kan ruwan ɗumi ko madarar akuya har "nono ya wanke". Wasu ma sai an tatsa an saka tururuwa a ciki, in ta mutu a ce nonon ba shi da kyau. Dakashin nan mai kauri, mai launin ɗorawa, shi ne rigakafin farko na jariri, cike yake da sinadaran da ke kare shi daga cuta, kuma shi ke taimaka masa ya fitar da baƙin kashin nan na farko. Kaɗan yake zuwa domin cikin jariri a ranar farko bai wuce ya ɗauki ƙaramin cokali ɗaya ba a kowane sha. A ɗora shi a ƙirjin uwarsa cikin awa ɗaya da haihuwa. Zuma kuwa kada a lasa masa har ya shekara, tana iya ɗauke da ƙwayar cutar da hanjinsa ba zai iya da ita ba.

Sai batun ruwa, wanda nan ne muke daɗewa da kakanni. Wata dattijuwa ta taɓa tare ni a zaure ta ce, "'Yar nan, a zafin bazarar nan ko kaza ana ba ta ruwa, balle ɗan mutum." Na ce, "Iya, gaskiyarki, ɗan mutum yana jin ƙishi, amma ruwansa yana jikin uwarsa." Kusan kashi 88 cikin 100 na nono ruwa ne. Wanda ke fara fitowa tsararo ne, shi ke kashe ƙishi, na ƙarshe kuma mai maiƙo ne, shi ke sa ƙiba. Don haka a bar yaro ya shanye ɓangare ɗaya kafin a juya shi. Ruwan randa da na rijiya da babba ke sha lafiya, shi ne ke jawo wa jariri gudawa. Ko da ruwan mai tsafta ne, ya cika masa ciki, ya rage tsotso, in tsotso ya ragu nono ya ragu, domin gwargwadon yadda ake sha jiki ke ƙara kawowa. Sai uwa ta ce ai ga shi nonon ya ƙafe, alhali kofin ruwan nan ne ya fara kawo matsalar. Kakanni ba mugunta suke yi ba, so ne. Idan aka zauna da su da girmamawa, su ne kan gaba wajen hana a ba jikansu ruwa.

Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna jarirai 29 ne kacal cikin 100 a Najeriya ke samun nono zalla kafin wata 6. Binciken ya kuma nuna fiye da kashi 60 cikin 100 na yaran Jigawa 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, tsawonsu bai kai na shekarunsu ba. Waɗannan abubuwa biyu ba su rabu da juna ba.

Aiki ma na cin rabon jariri. Mace ta gama arba'in ta koma surfe da daka da ɗebo ruwa, lokacin kaka kuma ga kaɗar riɗi da ɓarar zoɓo don ta samu na sabulu. Jariri yana hannun yayarsa 'yar shekara bakwai, in ya yi kuka ta ba shi abin da ta samu. Ƙaramin jariri yana buƙatar nono sau 8 zuwa 12 dare da rana. In fita ta zama dole, a goya shi a tafi da shi, ko a tatsa a kofi mai tsabta a rufe a ajiye a inuwa, yana kai awa 4 bai lalace ba, a ba shi da kofi. Bulumboti yana da wuyar wankewa, a bar shi.

Akwai kuskuren da ya fi damuna a wurin masu karɓar abincin tamowa, wato haɗin gyaɗar nan na cikin leda. Magani ne, na yaron da aka auna damtsensa aka ga ma'auni ya faɗa ja, ƙasa da santimita 11.5, kuma daga wata 6 zuwa sama ake ba shi. Wasu iyayen da zarar sun karɓa sai su sassauta da nono, suna ganin an samu wanda ya fi shi. Ƙa'idar ita ce nono tukuna, sannan leda. Kada a lasa wa jaririn da bai kai wata 6 ba, kada a raba wa yayyensa, kada kuma a kai kasuwa. Ledojin a ƙirge suke daidai da nauyin yaron, in aka rage guda an rage masa magani.

Bayan wata 6 nono bai gama aikinsa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yana ba yaro kusan rabin ƙarfin da yake buƙata zuwa shekara 1, da kusan kashi ɗaya cikin uku a shekara ta biyu. Addininmu ya riga ya faɗa, a Suratul Baƙara aya ta 233, shekara biyu cikakku. A haɗa shi da kunu mai kauri wanda ba ya zuba daga cokali, a zuba ƙullin gyaɗa ko garin wake, garin zogale, ƙwai in an samu, ko busasshen kifin Hadeja da aka daka.

Idan kuma ciki ya shiga ana goyo, ba sai an yaye yaro rana ɗaya an kai shi gidan kaka ba. Nonon mai ciki ba guba ba ne. Yawancin yaran da ake cewa sun "sha ciki", yayen gaggawa ne ya kayar da su. Mai cikin da ke lafiya tana iya ci gaba da shayarwa, sai dai ta ƙara ci, ta kuma zo awo mu duba ta.

'Yar'uwa, in kina kokwanton ko ɗanki na ƙoshi, duba zanin goyonsa. In yana fitsari sau 6 ko fiye a yini, fitsarin ba ja ba, kuma sikeli na nuna ƙari duk wata, nononki ya ishe shi. Kuka kaɗai ba shaida ba ce. In kan nono na tsagewa ko yana ciwo, yawanci kamun ne bai yi daidai ba: bakinsa ya buɗe sosai, ya haɗa da baƙin da ke kewaye, haɓarsa ta taɓa nonon. Amma in ya ƙi kama nono gaba ɗaya, ko jikinsa ya yi zafi ko sanyi ƙalau, ko yana numfashi da sauri, ko ya yi laushi ba ya motsi, kada a jira ranar awo ko dawowar maigida daga kasuwa, a kawo shi asibiti a ranar.