Siminti ba ya ceton ginin ƙasa

An daɗe ana ɗauka cewa in ƙaramar hukuma za ta gyara tsohuwar ƙofar gari ko ganuwa, to a shafe ta da siminti, shi ke nan an huta. Kuskure ne, kuma mai tsada.

Tubali yana shan raɓa da damina, ya fitar da ita da rani. Siminti kuwa toshe shi yake yi, ba ya kuma kama jikin ƙasa sosai. Da ya tsage, ruwa ya shige bayansa ya rasa mafita, tubalin ya ruɓe daga ciki, wata rana filastar ta ɓallo da naman bangon.

Ganuwar Kano, da Sarki Gijimasu ya fara kusan shekara 900 da suka wuce, da yaɓe ta rayu. Ga yadda ake yin sa: a kwaɓa jar ƙasa da ciyawa, a bar ta ta kwana biyu tana ruɓewa, a yaɓa kafin damina, a bi da makuba daga ɓawon ɗorawa. A gyara indararo, a hana haƙar ƙasa a gindin bango. Hasumiyar masallacin Agadas, mai tsayin mita 27, har yau da yaɓen ƙasa ake sabunta ta.