Waiwaye: yadda kakin yaƙin duniya ya zama sikin a cikin gem

Duk matashin da ke buga Free Fire ko PUBG Mobile a fadodin Yamai ya san sikin, wato tufafin da ake saye a sanya wa mutumin cikin gem. Abin da yawancinsu ba su riska ba shi ne lokacin da masu wasan ke zana shi da hannunsu kyauta, wasu har da bin tsoffin hotunan yaƙi don su kwaikwayi kakin soja ɗigo bayan ɗigo.

Ita kanta dabarar ɓad-da-kama masu zane ne suka raine ta. A 1915 rundunar Faransa ta kafa sashe na musamman ƙarƙashin mai zane Guirand de Scévola, aikinsu shafa wa manyan bindigogi fenti da lulluɓe su don kada a hango su daga sama. Buga dabbare-dabbare a yadi da yawa kuwa sai a 1929 a Italiya, Jamus ta biyo a 1931 da nata mai kama da fasasshen gilashi. Amurka ta fitar da nata zanen da ake kira "fatar kwaɗo" a 1942, ya yi mata amfani a yaƙinta da Japan, amma a Normandi ta Faransa a 1944 aka janye shi don gudun kada a ɗauki masu sanye da shi Jamusawa.

A ɓangaren gem, Doom na 1993 ne ya buɗe ƙofa, don an tsara fayilolinsa yadda mai kwamfuta zai iya sauya hotunan ciki. Da Quake ya zo a 1996, kowace ƙungiyar ƴan wasa sai ta zana kayanta. Daga nan aka samu masu gina Yaƙin Duniya na Biyu sukutum a kan gem ɗin wasu, kamar Day of Defeat a kan Half-Life, da Red Orchestra a kan Unreal Tournament. Mutane ne masu bin diddigi har ya yi yawa. Ka sanya wa sojan Jamus zanen ɗige-ɗigen 1944 a fagen daga na 1941, ranar ba za ka sha ruwa ba. Akwai kuma ƙaya a ciki: da dama daga zanukan da aka fi so na rundunar Waffen-SS ne, reshen soja na ƙungiyar SS ta ƴan Nazi, wadda kotun Nuremberg ta ayyana ƙungiyar masu laifi a 1946. Shi ya sa masu zane da yawa kan bar launin su cire tambarin, kuma Jamus ba ta sassauta hana alamun Nazi a gem ba sai a 2018.

Sai kuɗi ya shigo. Kamfanin Valve ya buɗe Steam Workshop a 2011, inda mai zane zai miƙa aikinsa a sayar a raba riba da shi. Gem ɗin waya kuma suka rufe ƙofar gaba ɗaya: ka taɓa fayil, a toshe maka asusu. Mu kuwa a nan ta waya gem ya fi iso mana, don haka mun tarar da abin ya riga ya zama haja.

Inda na fi ganin giɓi shi ne namu tarihin. Bayan 1945 Faransa ta fitar da zanen ƙadangare, wanda sojojinta na lema suka yi suna da shi a Indocin (Vietnam da maƙwabtanta) da Aljeriya, yaƙoƙin da ƴan Nijar suka shiga, har da Seyni Kountché, kuma rundunonin Afirka da dama suka gaje shi. Sojojin Afirka masu jar hula da suka sauka Provence, a kudancin Faransa, a Agustan 1944 kuma kayan Amurka aka ba su, ba kaki mai dabbare-dabbare ba. Da wuya ka ci karo da waɗannan cikin sikin ɗin da ke yawo, tunda kowa abin da kakansa ya sa yake zanawa, masu zanen kuma galibi suna Turai, Amurka da Rasha. Ɗan Tawa ko Yamai da zai gwada yana da hotunan mazan jiya a gida, sai dai baƙi-da-fari ne. Ainihin launi dole ya nemo shi daga ragowar tufafin da ke gidajen tarihi.