Illolin Magungunan Kashe Ƙwayar Cutar Gyambon Ciki

Helicobacter pylori ƙwayar bakteriya ce mai siffar murɗiya da ke maƙalewa a jikin bangon tumbi, kuma ita ce ke haddasa kaso mai yawa na gyambon ciki. Likitoci biyu 'yan Ostareliya, Barry Marshall da Robin Warren, su ne suka gano ta a 1982, aikin da ya sa aka ba su lambar yabo ta Nobel a 2005. A 1994 hukumar binciken cutar kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ta cikin abubuwan da ke jawo kansar tumbi. Shi ya sa likitoci ke dagewa a kawar da ita, ko da maganin zai wahalar da mai sha.

Ƙwayar tana da taurin kai, magani ɗaya ba ya kashe ta. Ana haɗa mai rage tsamin ciki, kamar omefirazol, da magungunan kashe ƙwayoyin cuta guda 2, galibi amoksisilin da kilaritromaisin. Wani haɗin kuma magani 4 ne: mai rage tsamin, da bismut, da tetrasaikilin, da metronidazol, wanda aka fi sani da Flagyl. Ana sha na kwana 10 zuwa 14.

Illar da ta fi yawa a ciki take: gudawa, tashin zuciya, kumburin ciki da murɗawa. Maganin ba ya tantance aboki da maƙiyi, yana kashe har da ƙwayoyin hanji masu amfani. Rashin waɗannan ƙwayoyin ne kuma ke ba ƙwayoyin naman gwari (fungas) damar yaɗuwa, sai a ga farin tabo a harshe, ko ƙaiƙayin gaba ga mata. Kilaritromaisin da metronidazol suna barin ɗaci a baki, kamar mutum ya tsotsi ƙarfe, har ruwan sha ma ya canza ɗanɗano. Duk waɗannan kan wuce bayan an gama shan maganin.

Bismut ne ya fi tsorata mutane. Mutum zai tashi da safe ya ga harshensa ya yi baƙi, bayan gidansa ma baƙi ƙirin, sai hankali ya tashi. Abin da ke faruwa shi ne bismut ya haɗu da sinadarin salfa da ke baki da hanji, ya rine su, kuma babu cutarwa a ciki. Sai dai mai gyambon ciki ya kula sosai, domin jinin da ke zuba a tumbi shi ma yana fita baƙi. Na jini yana da danƙo kamar kwalta, da wari mai tsanani, sau da yawa tare da jiri da kasala. Wanda ya ga haka ya garzaya asibiti, kada ya tsaya canki-canki. Metronidazol shi ma kan sa fitsari ya yi duhu, ba tare da illa ba.

Kowane magani da ƙa'idarsa. Ba a shan barasa tare da metronidazol, har sai an yi kwana 2 zuwa 3 da gamawa. Tetrasaikilin ana haɗiye shi da cikakken kofin ruwa, kuma ba a kwanciya nan take, don kada ya tsaya a maƙoshi ya ƙona shi. Madara da maganin ƙarin jini suna hana jiki tsotse shi. Ba a ba mai juna biyu ko yaro ɗan ƙasa da shekara 8, saboda yana ɓata launin haƙoran da ke tasowa. Kilaritromaisin yana iya rikita bugun zuciya, kuma ba ya jituwa da wasu magungunan rage kitsen jini irin su simbastatin, don haka wajibi ne likita ya san duk abin da mutum ke sha. Lebofuloksasin, wanda akan koma gare shi idan haɗin farko ya gaza, yana iya kumbura agara har ta tsinke.

Akwai alamomin da ba a haƙuri da su: borin jini, kumburin fuska ko leɓe, da sarƙewar numfashi, musamman ga wanda jikinsa ba ya karɓar fenisilin, domin amoksisilin danginsa ne. Haka nan gudawa mai tsanani da zazzaɓi ko jini, wadda kan nuna ƙwayar Clostridioides difficile ta mamaye hanji, ko da makonni bayan an gama magani.

Abin da ya fi damun likitoci shi ne mai ajiye magani a kwana na 5 saboda ɗacin baki, ko don ya ji sauƙi. Ƙwayoyin da suka tsira su ne mafi juriya, kuma zagaye na biyu ya fi wuya. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya nau'in Helicobacter pylori da ba ya jin kilaritromaisin cikin jerin ƙwayoyin da ake matuƙar buƙatar sabon magani a kansu. Wanda illar ta matsa masa ya koma wurin likita a sauya masa haɗi. Ana tabbatar da warkewa da gwajin numfashi ko na bayan gida, aƙalla mako 4 bayan gama maganin, kuma bayan an dakatar da mai rage tsamin ciki na mako 2.